Keke, Jar Ƙasa da Duwatsun Jos: Yaushe Rabonmu da Bayan Gari?

 

A yau zan ɗan kauce wa maganar siyasa da ta takardar indijin da muka saba yi, in yi magana a kan keke. E, keke dai da ka sani, mai taya biyu da kaca. Na san wani zai ce bawan Allah ya rasa abin faɗa ne, ana fama da tsadar masara shi yana zancen wasan yara. To a yi haƙuri a biyo ni a sannu, in mun kai ƙarshe za a ga cewa duk kanwar ja ce.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya muna zaune da babban ɗana yana nuna mini hotuna a waya, sai muka zo kan hoton duwatsun nan na Riyom, waɗanda suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Sai yaron nan ya ce da ni, "Baba, wannan a wace ƙasa ce?" Wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Yaron da aka haifa a Gangare, aka yanke cibiyarsa a nan, ubansa haifaffen nan, ga shi yana shirin shiga jami'a, amma bai san dutsen da bai kai tafiyar awa guda a mota daga ƙofar gidansu ba. Ka tambaye shi Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, zai zana maka taswira. Ka tambaye shi Vom ko Fobur, sai ya yi zuru. Kuma ba laifinsa ba ne, ni ne na hana shi, don ni ma tsoro ya hana ni.

Yadda wasu suka mai da hanyar burji abin alfahari

A 'yan shekarun nan wani salon hawan keke ya yi tashe a ƙasashen Turawa, wato barin kwalta a bi hanyoyin tsakuwa da na burji cikin karkara. Har keke na musamman suka ƙera masa, mai ƙahon keken tsere amma da taya mai kauri. A Italiya, a yankin Tuskani mai tuddai da gonakin inabi, akwai wasu tsofaffin hanyoyin farar tsakuwa da manoma ke bi tun kaka da kakanni. A 1997 mutanen wani ƙaramin gari mai suna Gaiole suka fara taron hawan tsofaffin kekuna a kan waɗannan hanyoyi, suka sa masa suna L'Eroica, kuma ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne kada a malale hanyoyin da kwalta. Daga nan aka samu gasar ƙwararru ta Strade Bianche a 2007, wadda ake kammalawa a tsakiyar birnin Siyena. A Amurka kuwa, a garin Emporia na jihar Kansas, tun 2006 ake tseren mil 200 a kan tsakuwa. Hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan salo a 2022, a Italiya. Ko a nan Afirka, ana yin irinsa a yankin Masai Mara na Kenya tun 2021.

Da na ga hotunan, dariya ta kama ni. Abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya je nema, shi ne mu muke tsine wa gwamnati a kansa kullum: hanya ba kwalta, hawa da gangare, ƙura da tsakuwa. Su inabinsu yawanci giya suke yi da shi, mu kuwa giyar da ta halatta gare mu ita ce ta keke, wadda ake canzawa in an zo hawa. Amma in ana maganar tuddai da sanyin iska da gonaki masu sanyaya ido, ban ga abin da za a nuna wa Filato ba. Garin Jos kansa yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar duwatsun Shere kuma ta haura mita 1,700. A madadin inabi muna da dankalin Turawa, wanda mafi yawan abin da Nijeriya ke ci daga nan yake fita, muna da kabeji da karas da latas da koren wake, ga acca, ga sitiroberi a wajen Vom.

Iyayenmu sun san ƙasar nan da ƙafa da feda

Mai karatu, kada ka ɗauka baƙon abu nake kawo mana. Ɗauki taswirar Filato ka karanta sunayen nan: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa Babuje, Sabon Gidan Kanar, Mai Adiko, Mararabar Jama'a, Farin Lamba, Rafin Bauna. Da wane harshe aka raɗa su? Da yawansu barikokin haƙar kuza ne ko zangon 'yan kasuwa. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Liruwe suna narka kuza. Da kamfanonin Turawa suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarni na 20, sai leburori da fatake da mahauta da maɗinka suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914, ya yi ta jigila har aka rufe layin a 1957. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, tsakanin 1942 da 1944, aikin tilas aka sa, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a bakin ramukan kuza. Sai dai mu tuna, waɗannan barikoki a kan gonakin mutane aka kafa su, kuma wurare da dama suna da sunayensu na asali. Barikin Ladi, alal misali, Birom suna kiransa Gwol. Wanda ya san suna ɗaya bai san ɗayan ba, rabin labari ya sani.

Kakana yana cikin waɗanda suka zo daga ƙasar Kano, ya yi leburanci, ya tara ɗan jari ya koma kasuwanci. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a kan keke ya gina gidan da muke ciki. Wata baƙar Rali ce mai kariya, yakan ɗaure mata huhun goro da gishiri da kanwa da ashana, ya bi kasuwannin ƙauye ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da dankali da acca da kaji. In dare ya yi masa, a gidan abokin cinikinsa yake kwana, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi buta. Yana jin Birom daidai gwargwado, yana gaisawa da Jarawa da harshensu. Ya san wace hanya ce ke yankewa in an yi ruwan Agusta, ya san gonar wane ce wannan, ya san wa ya rasu a wane gida. Shi bai taɓa riƙe takardar shaidar zama ɗan ƙasa ba, amma in ya ce shi mutumin nan ne, akwai ɗaruruwan mutane a ƙauyuka da za su ce, "E, mun san shi."

Yadda duniyarmu ta tsuke

Kowa ya san abin da ya biyo baya. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, aka fara ja-in-ja a kan wane ne mai gari. Aka yi na Afrilun 1994. Sai ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an rasa rayuka wajen 1,000 cikin ƙasa da mako guda. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Aka sake yi a Nuwamban 2008, sannan a Janairun 2010 aka yi kisan Kuru Karama, a Maris na shekarar kuma aka yi na Dogo Nahawa. Babu ɓangaren da bai binne nasa ba. Bayan kowane rikici sai a sake raba gari: wannan ya sayar da gidansa ya koma cikin 'yan'uwansa, wancan ma haka. Yau da yawanmu duniyarmu ta tsaya daga Gangare zuwa Dilimi, daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos, daga Bauchi Road zuwa Farin Gada. In za mu fita sai a mota, gilashi a rufe, ana addu'a har a wuce.

Ga abin da nake so mu tsaya mu duba. Shekara da shekaru muna cewa mu Jasawa ne, nan aka haife mu, ba mu da wani gida sai nan. Gaskiya ne, kuma ina nan a kan wannan magana. To amma wane irin ɗan gida ne bai san bayan ɗakinsu ba? Muna kwana muna tashi a bakin rafin Dilimi, mu nawa ne muka san cewa ruwansa yana gangarawa ta ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are, ya nufi Yobe da tafkin Cadi? Mu nawa muka san cewa kogin Kaduna daga kan tudun nan ya faro? Kullum muna sayen kabeji a Farin Gada, ba mu taɓa ganin lambun da aka yanko shi ba. Takarda haƙƙi ce, a ci gaba da nemanta ta hanyar doka. Amma akwai wani zama ɗan ƙasa da babu sakataren ƙaramar hukumar da ke sa masa hannu, shi ne ka san ƙasar, mutanenta kuma su san fuskarka. Wannan iyayenmu sun same shi, mu muka bari ya suɓuce.

Me ya sa keke?

Domin mota wucewa take yi, ta bar wa mutane ƙura. Babur kuwa, a ƙauyukan da aka sha kai wa hari da dare, ƙararsa kaɗai tana sa gaban mutane ya faɗi. Shi mai keke kowa yana ganinsa tun daga nesa, fuskarsa a buɗe, hannayensa biyu a kan ƙaho, yana haki. Ba ya iya wuce mutum bai yi sallama ba. Ƙishirwa za ta sa ya roƙi ruwa, hawa zai sa ya sauka ya tura, ƙaya za ta sa ya nemi mai faci. Duk girman kanka, keke sai ya mai da kai mabuƙaci, kuma ɗan Adam ya fi saurin sakin jiki da wanda ya zo yana buƙatarsa.

Na gwada da kaina. Na sayi wani keken gwanjo mai giya, na nemo wani abokina Birom da muka yi firamare tare, wanda muka shafe shekaru sai dai gaisuwa a waya. Fitarmu ta farko gabas muka yi, ta hanyar Lamingo, muka wuce madatsar ruwa muka shiga ƙasar Jarawa, wato Afizere, a gindin duwatsun Shere inda makarantar horar da matasa ta Man O' War take. Kwalta na ƙarewa sai jar ƙasa, ga duwatsu jibga-jibga dama da hagu, ga gonaki an kewaye su da shingen ƙerana. Rabin hawan da ƙafa na yi shi, abokina yana ta yi mini dariya wai tuwon shinkafa ya kashe mini gwiwa. Da muka kai wani tudu muka juyo, sai ga Jos gaba ɗaya a shimfiɗe. Daga can ba ka gane ina Unguwar Rogo ta ƙare, ina unguwar da ke maƙwabtaka da ita ta fara. Rufin kwano ne kawai yana ƙyalli.

Fita ta biyu kudu muka yi, a cikin hunturu, ta Bukuru da Anguldi da Farin Lamba zuwa Vom, garin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Daga nan muka saki kwalta muka bi burji wajen Chaha, inda ake noman sitiroberi. A hanya kana ta wuce tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa, 'yan lambu sun kafa injina suna ban-ruwa, tudun jar ƙasar da aka haƙo yana tsaye a gefe kamar jiya aka tara shi. A wajen wani ƙauye tayata ta baya ta sace. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai karatu, da na ga samari uku sun taso daga gona da fartanya a kafaɗa, sai da na karanto duk addu'ar da na sani. Ashe ɗayansu yana da famfo da gam a gida. Muna cikin faci sai wani dattijo ya fito yana dogara sanda, ya dube ni ya ce, "Yaro, daga ina?" Na ce, "Daga Jos, Baba, Gangare." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da can akwai masu kawo mana goro a keke daga wajenku. Mun ɗauka kun manta hanya." Na ce, "Tsoro ne, Baba." Ya ce, "Mu ma shi ne. Rabona da cikin kasuwarku tun kafin ta ƙone." Ya sa aka kawo mana gwate mai zafi a kwano, da lokacin azahar ya yi jikarsa ta kawo mini ruwa, aka nuna mini gindin bishiya na yi salla. Kalma ɗaya na iya ta Birom, mafeng, wato na gode, kuma na faɗe ta ya fi sau goma.

Masu cewa ganganci ne

Na san abin da za a ce, domin uwargida ta riga kowa faɗa: "Malam, in kai ka gaji da ranka, mu ba mu gaji da kai ba." Kuma tana da hujja. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba an kashe fiye da 20, kwanaki kaɗan bayan haka aka kai hari Yelwan Zangam aka kashe mutane a cikin gidajensu. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an hallaka fiye da mutum 150 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, a Afrilun 2025 aka sake zubar da jini a Bokkos da Bassa. Wanda ya ce maka ko'ina lafiya lau a Filato, yaudararka yake yi. Kwanon gwate guda bai goge wannan ba, ni ma ban ce ya goge ba. Akwai wuraren da ni kaina ba zan je ba a yanzu, ko da rakiyar wa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda akwai inda ba a zuwa, to ko'ina ma kada a je. Shekara fiye da 20 ke nan muna gwada zaman kowa-ya-tsaya-a-unguwarsu, me ya haifar? Ya haifar da samari a ɓangarorin biyu waɗanda ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, waɗanda abin da suka sani game da juna shi ne abin da aka turo musu a WhatsApp. Irin waɗannan su ne busasshiyar ciyawar da ashana ɗaya ke isa. An yi kwamitocin bincike, an yi zaman sulhu a otal-otal, gwamnatin jiha ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, duk suna da amfaninsu. Amma manya ne ke haɗuwa a can, su sha shayi su watse. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, ba su ce a takardar bayan taro yake ba.

Akwai kuma masu cewa keke ba girman magidanci ba ne, alamar karayar arziki ce. Wannan ciwon namu ne na son a gani. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na ga masu manyan riguna da yawa sun jingine mota suna takawa a ƙasa. Ga hawan jini da ciwon suga sun yi mana katutu saboda zaman shago daga safe har dare. Keken da ya ciyar da iyayenmu bai isa ya zubar mana da mutunci ba.

In za a fita

Ga 'yan shawarwari daga ɗan abin da na gani. Na farko, da ɗan gari akan ci gari: kada ka shiga yankin da ba ka da abokin tafiya ɗan wurin, wanda zai yi waya tun jiya ya ji yadda ake ciki. In an ce akwai zaman ɗar-ɗar, ko an yi rasuwa ta rikici, ko ana cikin zaɓe, a haƙura sai wani jiƙon. Na biyu, kada a yi gayya, mutum uku zuwa biyar sun isa, domin taron baƙin samari 20 a ƙauye ba yawon buɗe ido za a kira shi ba. Na uku, a fita bayan asuba in gari ya waye, a dawo kafin la'asar, a kuma shaida wa na gida inda aka nufa. A tsaya a shingen jami'an tsaro a yi bayani. In an shiga gari a fara da gaida mai unguwa ko dagaci. Kada a rufe fuska, kada a ɗauki hoton mutum ko gidansa ko wurin ibadarsa sai da izini, kada a ratsa gona, kada a tsinki ko ɗan tumatir guda. A sayi abin da suke sayarwa, kuma kada a yi musu cinikin wulaƙanci. A yi shiga ta mutunci, ba irin matsattsun kayan Turawan tsere ba. Ramukan kuza kuwa a kalle su daga nesa, suna da zurfi ƙwarai kuma sun ci yara da yawa. Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a ɗauki rigar sanyi, don da damina jar ƙasar nan santsi take kamar sabulu, ga ruwan ƙanƙara a wasu lokuta. A riƙe famfo da tub da gam da ruwan sha.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: ziyara bashi ce. In abokinka ya kai ka ƙauyensu ya tsaya maka, kai ma ka kawo shi unguwarku ka tsaya masa. Ka zagaya da shi Dilimi da Bauchi Road, ka saya masa masa da tsire, ka nuna wa yaran layinku cewa baƙonka ne, mutuncinsa mutuncinka ne. Kamar yadda muke tsoron Gyel, haka wani yake tsoron Gangare, kuma shi ma yana da gawar da yake tunawa. Ina kira ga limamanmu da shugabannin matasa da masu unguwanni su ɗauki wannan da muhimmanci, domin in ba mu iya lamunce wa baƙo tsaro a layinmu ba, ba mu da bakin neman a lamunce mana a na wasu.

Abokina ya zo gidana ranar wata Asabar, karo na farko tun 2008. Mahaifiyata ta gane shi tun daga zaure, ta kira shi da sunan da take kiransa muna yara, ta yi masa faɗan rashin zumunci kamar ɗan cikinta. Mun yi alkawari in Allah Ya kai mu hunturu, kuma gari yana lafiya, za mu ɗauki ɗana da nasa mu sa kekuna a mota zuwa Riyom, mu zagaya gindin duwatsun nan, yaron ya gani da idonsa a wace ƙasa suke. Yanzu haka yana koyon faci a tsakar gida, ya riga ya lalata mini tub biyu.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya, Ya sa mu ga abin da zai fisshe mu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.